A auna jini kafin a haɗiyi dafson

Abin da na fara gani shi ne fitsarin. Ɗan yayata ya zuba shi a wata robar ruwa da ya yanke, ya ajiye a bayan ƙofar ɗakin da suke kwana su biyar a Agege ta Legas, yana jin kunyar nuna mini. Da na ɗaga robar wajen haske sai na ga abu kamar shayin da aka manta a kan wuta. Na juyo na kalle shi, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, tafin hannunsa fari fat kamar an wanke da toka. Saurayi ne da yake sauke buhun albasa a Mile 12 tun asuba ba ya ko haki, amma ranar daga katifa zuwa bakin ƙofa sai da ya dafa bango.

"Kawu, shawara ce kawai," in ji shi. "An jiƙa mini magani, zai wuce."

Abokan ɗakinsa ma haka suka ce, kuma ban ga laifinsu ba. Mu Hausawa in ido ya yi rawaya, sunan da muka sani ke nan. Sai da na matsa da tambaya ya zaro wani kwali daga ƙarƙashin filo. Kwana biyar ke nan yana shan ƙwayar, saboda wasu ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi da suka feso masa a gwiwar hannu da baya, suka hana shi barci. Wani abokin sana'arsa ya taɓa yin irinsu, likita ya rubuta masa wannan magani ya warke, shi ne ya yago masa murfin kwalin ya ce ya kai kemis. Mai kemis bai nemi takardar likita ba, bai yi tambaya ba, ya ƙirga ya miƙa. A jikin kwalin an rubuta Dapsone, wato dafson. Kuma gaskiya ƙurajen sun fara kwanciya, shi ya sa ko a mafarki bai kawo cewa maganin ne yake cinye masa jini ba.

A asibiti likitar da ta duba shi ta juya kwalin sau ɗaya, ta ɗago ta tambaye ni ko an taɓa yi masa gwajin G6PD. Ban taɓa jin kalmar ba. Leda biyu na jini aka ƙara masa, ni da wani ɗan garinmu muka bayar a madadi. Ya tashi, Alhamdu lillahi. Amma tun daga ranar nake ɗauke da wata tambaya da ta ƙi barin zuciyata: ta yaya abin da ya yi yawa haka a jininmu ya zama ba mu ma san sunansa ba?

Ga yadda na fahimci lamarin bayan na yi ta tambaya da karatu. A cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai wani sinadari, shi ne G6PD ɗin, aikinsa tsare ƙwayar daga wani irin lahani mai kama da tsatsa. Wasu magunguna da wasu abinci, har da zazzaɓi mai zafi, suna jawo wannan tsatsar. Mai cikakken sinadari jikinsa na sharewa ba tare da ya sani ba. Wanda aka haifa da ƙarancinsa kuwa ƙwayoyin jininsa sai su riƙa fashewa tun kwanansu bai ƙare ba, alhali a ƙa'ida kowace ƙwaya tana yin kusan kwana 120. Abin da ya fashe shi ne yake rina fitsari, shi ne yake sa ido rawaya, kuma shi ne yake iya toshe ƙoda in ya yi yawa. Mutum yana iya kaiwa shekara sittin da wannan ƙarancin bai taɓa jin ko ciwon kai a dalilinsa ba, matuƙar bai haɗu da abin da zai tayar da shi ba. Wannan shirun nasa shi ne haɗarinsa.

Gado ne, kuma ta wata hanya ta musamman. Yana tafiya a kan ƙwayar halittar da ake kira X, wadda namiji yake da guda ɗaya tal daga mahaifiyarsa, mace kuma take da biyu. Shi ya sa ya fi bayyana a maza. Ana ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 400 ne suke da shi a duniya, mafi yawa a Afirka da ƙasashen Larabawa da bakin Bahar Rum da kudancin Asiya, wato dai wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana addaba. A Najeriya binciken da aka yi a sassa daban-daban yana nuna wajen namiji ɗaya cikin kowane biyar ko shida. Ka shiga danfo daga Agege zuwa Oshodi ka ƙirga mazan da ke ciki, da wuya a rasa biyu ko uku.

Ba sabon ilimi ba ne, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Tun 1956 masu bincike a Cikago ta Amurka suka gano ƙarancin sinadarin, lokacin da suke neman dalilin da ya sa maganin zazzaɓi na firimakwin yake fasa jinin wasu baƙaƙen fata ya bar wasu. Wani babban ɓangare na abin da duniya ta sani game da shi ma a nan gida aka samo. Farfesa Lucio Luzzatto, ɗan Italiya, ya yi shekara goma yana aiki a Ibadan daga 1964, kuma aikinsa a can yana cikin waɗanda suka nuna cewa ƙwayar jini mai wannan ƙarancin ba ta yi wa ƙwayar cutar maleriya daɗin zama. Wato abin da ya taimaki kakanninmu suka tsira daga zazzaɓi shi ne muka gada, kamar dai yadda labarin sikila yake. Sikila kowa ya san ta yanzu. Yarinya 'yar sakandare a Idi-Araba za ta faɗa maka ita AA ce ko AS. Tambaye ta G6PD ka ga yadda za ta kalle ka.

Ba na son wani ya karanta wannan ya tafi da cewa dafson guba ne. Magani ne mai albarka, kuma Najeriya tana da hannu a tarihinsa. An haɗa shi a Jamus tun 1908, aka daɗe ana jin tsoron ba mutane saboda ƙarfinsa. A ƙarshen shekarun 1940, a asibitin kutare na Uzuakoli da ke jihar Abiya ta yanzu, Dakta John Lowe ya nuna cewa in aka rage yawansa ana iya haɗiyarsa ya kashe kuturta, kuma ga shi da araha. Har gobe yana cikin magunguna uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a haɗa wa mai kuturta tun farkon shekarun 1980, tare da rifamfisin da kilofazimin, kuma kyauta ake bayarwa. Duk wanda ya girma a Arewa ya ga dattawan da cutar ta cinye wa yatsu, ya san darajar wannan ƙwaya. Likitocin fata kuma suna ba da shi don wasu cututtuka masu kumburin ruwa da ƙaiƙayi mai tsanani, kuma akwai wadda yake kwantar wa da ƙaiƙayi cikin kwana biyu zuwa uku, abin kamar a mafarki.

Sai dai halinsa ne ya taɓa jini. Ko mai cikakken sinadari in ya daɗe yana sha jininsa yakan ɗan ragu, shi ya sa likita mai kula yake aunawa lokaci-lokaci. Ga mai ƙarancin G6PD kuwa raguwar tana iya zuwa da gudu. Akwai kuma wata matsala ta biyu: dafson yana iya juya jini ya kasa ɗaukar iska yadda ya kamata, leɓe da farce su yi shuɗi, numfashi ya yi wuya. Allurar da aka saba warware wannan da ita, metilin bulu, ita kanta tana cikin abubuwan da ba a yi wa mai ƙarancin G6PD, don tana ƙara fasa masa jini. Ka duba halin likitan da aka kawo wa mutum da tsakar dare leɓe shuɗi, ga maganin a hannunsa, amma bai san ko ceto zai yi da shi ko ƙarin ciwo ba, saboda babu wanda ya taɓa auna mutumin.

Mun ma taɓa ganin darasin a fili. An yi wani maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna Lapdap, wanda aka haɗa da dafson a ciki, aka yi shi musamman don Afirka saboda arahar sa. A 2008 aka janye shi daga kasuwa, bayan gwaje-gwaje a ƙasashen Afirka sun nuna yana jefa yara masu ƙarancin G6PD cikin matsanancin ƙarancin jini. Yaran nan irin ƙarancin da muke da shi suke da shi.

Na kawo wannan ne saboda hujjar da na fi ji daga bakin masu ganin gwajin ba dole ba ne. Suna cewa nau'in da ya fi yawa a Afirka mai sauƙi ne, ba kamar na ƙasashen Bahar Rum ba, kuma fashewar takan tsaya da kanta idan tsofaffin ƙwayoyin jini suka ƙare, sababbi suka fito da ɗan ƙarfinsu. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma sauƙin nan ga wa? Ga mutumin da jininsa yake cike, yake cin nama da ƙwai, yake da likitan da zai kira. Matashin da ya tashi daga zazzaɓi wata guda da ya wuce, yake karyawa da shayi da burodi, yake ɗaukar kaya a rana, jininsa dama a bakin gaɓa yake. Ɗan abin da zai ragu shi ne zai kai shi ƙasa. Kuma ko da bai mutu ba, kwana takwas a gadon asibiti a Legas, da kuɗin jini, da kuɗin gwaje-gwaje, da ranakun kasuwa da suka wuce, duk wannan ba sauƙi ba ne a wajen wanda yake turo wa uwarsa kuɗin cefane kowane mako.

Hujja ta biyu ita ce kuɗi. Gaskiya ne, ba kowane ƙaramin asibiti yake yin gwajin ba, kuma talaka kowace naira tana da wurin zuwa. Amma gwaji ne da ake yi sau ɗaya a rayuwa, in an yi shi daidai, domin abin da aka haife ka da shi ba ya sauyawa. Abin da muka kashe a kan ɗan yayata cikin mako guda ya isa a auna duk mazan ɗakinsu har da na ɗakin da ke kusa. Ba kuma sai an tura jini Turai ba. Hanyar da ake ɗiga jini a takarda a duba ƙarƙashin wata fitila ta musamman tun shekarun 1960 take, yanzu kuma har akwai 'yar na'ura ta hannu mai kama da ta auna suga, wadda take ba da sakamako cikin mintuna da ɗigon jini daga yatsa. In har gwajin maleriya na take-yanke ya iya shiga kowane lungu na Alaba Rago, ban ga abin da zai hana wannan shiga asibitocin unguwa ba.

Akwai wuri ɗaya da nake sassautawa, kuma ina so in faɗe shi ƙarara don kada maganata ta cutar da wani. Wanda aka tabbatar yana da kuturta kada ya ƙi karɓar maganinsa ko ya ajiye shi don ya ji wannan labari. Jinkiri a kuturta jijiya yake ci, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Inda gwajin yake samuwa a yi shi tun ranar farko. Inda babu, a auna yawan jini kafin a fara, a sake aunawa a makonnin farko, a kuma zaunar da mutum a gaya masa da harshen da yake ji: in fitsarinka ya yi duhu, in idonka ya yi rawaya, in kana jin jiri ko haki, dakata ka dawo yau, kada ka jira ranar da aka rubuta maka. Ma'aikatan suna da hanyar sauya haɗin maganin ga wanda dafson bai karɓe shi ba. Haka nan man dafson na shafawa da ake yi wa ƙurajen fuska daban yake da ƙwayar haɗiya, kaɗan ne yake shiga jini. A Amurka da farko an wajabta gwaji kafin a shafa shi, a 2008 aka ɗage sharaɗin bayan an bincika. Maganata a kan na haɗiya take.

Inda ba na sassautawa shi ne kan kantar kemis. Dafson ba fanadol ba ne. Magani ne da doka ta ce sai da takardar likita, amma a garin nan murfin kwali ya wadatar. Na san mai kemis ɗan'uwa ne a unguwa, shi ne yake ba mu bashi, shi ne yake buɗe ƙofa ƙarfe ɗayan dare in yaro ya yi zafi. Saboda wannan amanar ce ma nake ganin ya fi kowa cancantar ya ce, "Malam, wannan ba na bayarwa sai ka ga likita, yana taɓa jini." Kalma goma sha biyu ce. Hukumar kula da masu harhaɗa magunguna da NAFDAC suna da aikin yi a nan, amma ba za su tsaya a kan kowane kanta ba. Mu ma da namu laifin. Al'adar nan ta "abin da ya yi mini zai yi maka" ta zauna mana a jiki, muna yi da zuciya ɗaya, muna ganin taimako ne. Abokin ɗan yayata da ya zo dubiya kuka ya riƙa yi. Shi likita ya auna shi kafin ya ba shi, ya ɗauka gwajin na wani abu ne daban, bai san shi ne sharaɗin shan maganin ba. Da an yi masa bayani minti biyu da bai yago murfin nan ba. Wannan kuma saƙo ne ga likitocinmu: Bahaushen da ke gabanku yana gyaɗa kai ba lalle ne ya gane Turancin ko Yarabancin da aka yi masa ba, kunya ce take sa shi cewa to.

Wani abu da ya kusa ruɗa mu: gwajin farko da aka yi wa yaron a asibiti bai nuna ƙarancin sosai ba. Likitar ta ce kada mu dogara da shi. A lokacin da jini yake fashewa, tsofaffin ƙwayoyi marasa sinadari sun riga sun mutu, waɗanda suka rage sababbi ne masu ɗan ƙarfi, ga kuma jinin wasu da aka ƙara masa. Sai bayan wata uku muka koma, a nan ne ya fito a fili. Wannan kaɗai ya isa hujjar a auna kafin a fara magani, lokacin da jini yake zaune lafiya. Mata kuma nasu ya fi wuyar kamawa, domin mace tana iya samun rabin ƙwayoyin jininta lafiya rabi da ƙaranci, gwaji mai cewa e ko a'a kawai ya wuce ta. Ita tana bukatar wanda yake faɗin adadin sinadarin. Kada a ce mace ce don haka babu ruwanta.

Da na kira yayata a gida na yi mata bayani, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To ashe daga wajena ne." Muryarta ta sauya. Na san abin da take tsoro, na san yadda ake saurin ɗora wa mace komai a gidan miji. Na ce mata Yaya, ke ma ba ki zaɓa ba, daga Inna ko daga Baba kika karɓa, kuma namiji mai shi duk 'ya'yansa mata sai sun ɗauka daga gare shi. Babu mai laifi a nan. Kuma ba irin sikila ba ne da za a ce a fasa aure, sani kawai yake bukata.

Daga nan ne ta fara tuno abubuwa. Ta ce shi wannan yaron kwana uku da haihuwa ya yi rawaya sosai, har aka kwantar da shi ƙarƙashin fitila a asibiti. Ta ce kayan jariran gidanmu duk a akwati ɗaya ake adana su, da ƙwallayen kafur a ciki don asu da kyankyaso, har ƙamshin ya zama mana ƙamshin jego. Waɗannan fararen ƙwallaye, in na naftalin ne, suna cikin manyan abubuwan da suke fasa jinin jariri mai ƙarancin G6PD, kuma likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna gargaɗi a kansu, domin shawarar jarirai in ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa har abada. Lalle ma, wanda muke ƙauna, an samu rahotannin jarirai da ƙananan yara masu wannan ƙaranci da jininsu ya fashe bayan an shafe musu jiki da shi. Ban ce amarya ta bar ƙunshi ba, amma a bar fatar jariri ta huta. Alhazanmu kuma su san cewa waken da ake yin ful da shi a Makka da Madina da Sudan da Masar yana cikin jerin. Wakenmu na alala da ƙosai ba ya ciki.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Ni da Yaya uwa ɗaya muke, don haka na je aka ɗibi nawa jinin. Ina da shi. Shekarata arba'in da bakwai, na sha magunguna iri-iri daga hannun masu kemis da masu talla a cikin mota, Allah ne kawai ya tsare ban gamu da wanda zai kayar da ni ba. Yanzu akwai 'yar takarda a bayan katin shaidata, na rubuta da babban baƙi, duk inda za a rubuta mini magani sai na fara miƙa ta.

Abin da nake roƙo ba shi da girma. Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, mutane suna ta sabawa da zuwa a ɗibi jini. A wannan ɗiba guda, ko a ranar da aka haifi yaro a asibiti, ana iya ƙara G6PD a rubuta a kati kusa da rukunin jini. Kafin gwamnati ta kai can, sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da limamanmu na Juma'a suna iya gayyato ma'aikatan lafiya rana guda, kamar yadda ake yi don hawan jini da suga. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da suke tara kuɗin kai gawa gida suna iya ware wani abu don wannan.

Ɗan yayata ya koma kasuwa. Ƙurajen sun dawo bayan ya bar ƙwayar, likitan fata ya ɗebi ɗan yanki ya auna, ya sa shi a kan wani magani daban, yana samun sauƙi a hankali. Ƙannensa maza uku suna gida, Yaya ta ce bayan girbi za ta kai su birni a auna su. Na tura mata sunan gwajin a waya, harafi biyu da lamba, na ce ta nuna wa ma'aikacin kawai. Ta kira ni ta ce G6PD haruffa uku ne da lamba ɗaya, in sake dubawa, don ita ta riga ta haddace.